Dogo, Mai Kai Makirufo Layin Baya

Kafin masu shara su iso ofishin hukumar garinmu, shi ya riga ya buɗe ɗakinsa. Ɗan ɗaki ne a bayan ofis, tsakanin ma'ajiyar kujeru da rumfar injin wuta, tagarsa ɗaya, ita ma rabinta kwali ne. Zai fara fito da lasifikokin nan masu faɗin baki ya jingina su da bango, ya bi su da tsumma kamar mai yi wa jikoki wanka. Ya duba ruwan batir. Daga nan sai ya zauna a tsohon bencinsa, ya ɗora tulin waya a cinya, ya riƙa bin ta da yatsu yana laluben inda ɓera ya ɗanɗana. Inda ya ji rauni ya naɗe da salatif. In akwai taro a ranar, ya loda kayan a kura ya tura da kansa, ba ya yarda kowa ya taɓa masa. In babu taro, to gobe ma haka zai sake bin wayar nan, kamar jiya bai bi ba.

Dogo ake ce masa. Wanda bai san shi ba zai zo yana ɗaga kai yana neman wani zankalelen mutum, alhali in ya tsaya kusa da ni da ƙyar hularsa ke kai kafaɗata. Wayarsa ce doguwa, ita ta jawo masa sunan. Shi ne mai lasifikar hukuma tun gashin kansa yana baƙi ƙirin, kuma ƙarshen watan nan zai ajiye aiki.

Ni da nake wannan magana tsohon mahaƙin rijiya ne. Ban taɓa zama a aji ba, kuma ban ga abin da na rasa ba. Da bakina nake faɗa, mijin 'yata yana rubutawa, yana ta ce mini, “Baba, a rage yabon kai, ba kai ake yi wa jinjinar ba.” Na ce masa ya rubuta abin da ya ji. Ƙyanda ta kwashe sa'o'ina ta bar ni. Yunwar da ta sa mutane cin ganyen da akuya ke ƙi, na gan ta, ta gan ni, ita ta fara kau da kai. Rijiya ta rufta da ni har an fara shimfiɗa tabarmin makoki, na fito ina tambayar wa ya taɓa mini takalmi. Gwamnatin masu kaki na gani, ta masu manyan riguna na gani, duk sun wuce ina nan. Saboda haka in na ce mutum ya isa a yaba masa, ba daga bakin yaro maganar ta fito ba. A garin nan mutum biyu na sani da suka isa. Ɗayan ya riga ya gabatar muku da kansa.

Abin da ya raba Dogo da sauran masu lasifika shi ne gwaji. Kun san yadda suke yi: su hura iska a makirufo, su ƙwanƙwasa shi da yatsa, su ce “ɗaya, biyu, ɗaya, biyu,” shi ke nan. Dogo ya ce ɗaya-biyu ba magana ba ce. Abin da zai ɗauki maganar mutum, in ji shi, da maganar mutum ake gwada shi, kuma daga wuri mafi nisa, don in ya ɗauko muryar na baya to ta na gaba ba za ta gagare shi ba. Sai ya haɗa kayansa, ya ɗauki makirufo, ya fita daga inuwar rumfa, ya wuce kujerun manya, ya wuce na matsakaita, ya sunkuya ta ƙarƙashin igiyar da ake tare talakawa da ita, har sai ya kai wurin masu tsayuwa a rana. Ya zaɓi mutum ɗaya ya kara masa a baki.

“Me ke damunka yau?”

Tambayar ke nan. Bai taɓa canza ta ba.

Da farko wayar ba ta kai haka tsawo ba. Amma kowace sabuwar gwamnati in ta zo, sai masu tsaronta su ƙara ja da igiya baya. Su ja da igiya, Dogo ya je kasuwa ya samo guntuwar waya ya ƙulla. Su sake ja, ya sake ƙullawa. Yau in ka dubi wayar nan, wani wuri ja, wani baƙi, wani fari, ƙulli kan ƙulli. Ni da ban iya karatu ba, a jikinta nake karanta tarihin ƙasar nan. Zan iya nuna maka ƙullin kowace gwamnati.

To kun san halin manya, in an ce taro da hantsi, sai rana ta take tsaka za ka ji jiniya. Mutane na zaune, babu abin yi, makirufo na aiki. Wannan ya gama, wancan ya ce shi ma a gwada da shi. A hankali gwajin Dogo ya zama shi ne taron, jawabin manya ya zama abin da ake jurewa bayan an tashi. Mata kan gama aikin gida da wuri don kada gwaji ya wuce su.

Babu abin da kunnena bai ji ba a gwajin nan. Malamar makaranta ta ce rufin ajinta ya yaye, in hadari ya taso sai ta sallami yara. Mahauci ya ce wutar lantarki ta zama baƙuwar da ba ta sallama, ba ta kuma ban kwana. Manomi ya ce gonarsa ta nesa ta zama ta masu bindiga, shi da ita sai kallo. Wata mai jego ta ce ta je asibiti an rubuta mata magani, ta je ɗakin magani ta tarar da kwalaye da mai gadi. Wani saurayi ya ce ya gama karatu har takardarsa ta fara yagewa a ninki, aikin da ya samu shi ne raka abokai neman aiki. Akwai kuma masu ɓata mana lokaci. Wani ya taɓa karɓa ya kai ƙarar akuyar maƙwabcinsa. Wata tsohuwa ta karɓa ta ce, “Ina ɗan banzan yaron nan da na aika sayen gishiri tun safe? Na san kana jina!” Ya kuwa ji, don har bayan kasuwa ake ji.

Za ku ce to me aka yi, tunda manyan ba sa wurin? Ni ma na taɓa tambayarsa haka. Ya ce, “Ai ba manya kaɗai ke da kunne ba.” Gaskiyarsa kuwa. Rufin ajin malamar nan, kafintocin bakin kasuwa ne suka ji, suka haɗu ranar hutunsu suka buga shi. Saurayin nan mai yagaggiyar takarda, mai walda ne ya ji shi, ya aika a kira shi, yau shi ke yi wa rabin garin nan ƙofofi, har ya yi tumbi. Mai akuya ma an sasanta su. Duk wannan a idon jama'a aka yi, ba a ɗaki aka ba ni labari ba.

Ba sai na faɗa ba, wanda aka fi gwadawa da shi ni ne. Muryata ba ta ma bukatar lasifika, mutumin da ya shekara yana kiran a jawo guga daga ƙasan rami ba a koya masa ɗaga murya. Lasifikar ce ke samun daraja in na yi magana a cikinta.

Yanzu bari in zo kan ranar da ta sa na ce sai an rubuta wannan.

Babbar damuwar garinmu ruwa ce. Rijiyoyin da na haƙa da hannuna sun ƙafe, kuma kada wanda ya ce laifin haƙa ne, ruwan ne ya gudu ƙasa inda sai inji. Mata da yara su ke tafiya can bayan kwari su ɗebo, su dawo wuya a sanƙare. Tsohuwata, uwar 'ya'yana, da jarka a ka ta tsufa. Gwamnati ta zo ta haƙa mana rijiyar burtsatse, ta kafa tanki a sama, ta jera famfuna, ta gina ɗan ɗakin inji ta sa masa kwaɗo. Komai ya yi kyau. Abu ɗaya ne babu: injin da zai turo ruwan. Kullum aka tambaya sai a ce yana hanya. Damina ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, yana hanya. Na ce ko da rarrafe yake zuwa ya ci a ce ya iso.

Kwatsam sai aka ce minista zai zo ya buɗe aikin. Aka shafe tanki da sabon fenti. Ana gobe zai zo, da la'asar sakaliya, kowa na gani, motar ruwa ta zo ta cika tankin taf. Aka sa ɗan sanda ya tsare famfunan kada wani ya taɓa kafin baƙo.

Kowa ya gane lissafin. Minista zai murɗa famfo, ruwa ya zubo, a ɗauki hoto, a tafa. A can sama za a ce aikin garinmu ya kammala. Wanda aka ce ya samu kuwa ba a sake waiwayarsa. In minista ya yanke ƙyallen buɗe aikin nan, inji ya tafi ke nan har abada, matanmu kuma su da kwari sai mutuwa.

Ina zaune a bencin Dogo a yammacin nan, yana bin wayarsa, sai ga mai tsara tarukan shugaban hukuma, wani matashi da muke kira Ɗan Kwat, don ko zafi na narka kwalta ba ya rabuwa da kwat ɗinsa. Ya tsaya a ƙofa bai shigo ba.

“Baba Dogo, gobe babu gwaji.”

Dogo ya ɗago ya dube shi. “In lasifika ta yi kuka a bakin minista fa, ranka ya daɗe?”

“Ba za ta yi ba. Kuma wannan igiyar shanyar taka a bar ta a ɗaki, a kawo gajera.”

“Ba ni da gajera. Ita ke nan mini.”

“To a naɗe ta a ƙarƙashin tebur. Baba, ina ganin girmanka. Saura ƙiris ka ajiye aiki da mutuncinka. Kada ka bari a sallame ka hannu wofi a kan surutun mata.”

Na buɗe baki zan ba shi amsar da zai kai wa jikokinsa, Dogo ya taka mini ƙafa. Ɗan Kwat ya juya ya tafi. Na dubi Dogo. Yana da iyali, yana da 'ya'ya mata a makaranta, ba shi da gona ba shi da shago. Aikin nan shi ne gatansa duka.

Na ce, “Dogo, kai dai ka san yadda za ka yi ka miƙo mini shi gobe. Ni ba ma'aikacin kowa ba ne. Zan zazzage musu komai, daga ruwa har wuta har masu bindiga.”

Ya ce, “Allah ya kai mu, Yaya.”

Ban yi barcin kirki ba don shirya jawabi. Da safe na sa rigata ta zuwa ɗaurin aure, na kafa hula, na je na kama wuri a bakin igiya, daidai inda Dogo ke sunkuyowa. Tsohuwata kuwa tana can ƙarshen fili cikin mata, kowacce zaune a kan jarkarta, suna jiran a gama su samu na tankin kafin ya ƙare.

Ɗan Kwat ya sa 'yan sanda biyu a bakin rumfa. Dogo ya haɗa kayansa tsaf, ya koma kan kurarsa ya zauna, makirufo a cinya. Hantsi ya yi, babu gwaji. Filin ya yi tsit kamar gidan da aka yi rashi. Sai da rana ta take tsaka muka ji jiniya.

Minista ya sauko, aka zaunar da shi. Mutum ne mai jiki, da ganinsa ya gaji da taruka. Mai gabatarwa ya miƙa hannu a ba shi makirufo. Dogo ya taso, amma maimakon ya ba shi, sai ya wuce gaban minista ya rusuna.

“Ranka ya daɗe, abin nan ba a gwada shi ba. Ni kuma tunda na fara aiki ban taɓa miƙa wa babban mutum abin da ban gwada ba, kada ya kunyata shi a gaban jama'a. A ba ni izini.”

Minista ya yi dariya. “Gwada mana, Baba. Wa ya hana ka?”

Ɗan Kwat dai na ga ya ciro hankici.

Sai ga Dogo ya taho. Waya na warwarewa a bayansa, ja, baƙi, fari, ƙulli bayan ƙulli. Ya wuce kujerun manya. Ya wuce 'yan sandan, waɗanda suka dubi juna suka rasa ta yi, tunda mai gayya da kansa ya ce a gwada. Ya sunkuyo ta ƙarƙashin igiya daidai gabana. Na gyara murya, na gyara hula, na miƙa hannu.

Ya wuce ni.

Wallahi ko kallona bai yi ba. Ya bar ni da hannu a sama kamar mai tsayar da mota. Ya ratsa maza, ya ratsa samari, har ƙarshen fili, inda wayar ta miƙe ta ƙare. Ya tsaya gaban tsohuwata, matar da ko a gida sai na ce “me kika ce?” kafin in ji ta.

“Yaya, me ke damunki yau?”

Muka ji muryarta ta fito ta lasifika, ƙarama, a shaƙe. “Ni? Wuyana ke damuna, Dogo.”

Aka yi 'yar dariya.

“Ana jina ne?”

“Har minista na jin ki.”

“To. Ranka ya daɗe, sannu da zuwa, ya hanya? Mun gode da ruwan da motarku ta zuba mana a tanki jiya. In ka murɗa zai zo, mai kyau ne, mun leƙa. Sai dai rijiyar babu inji a cikinta, jibi war haka mun koma kwari. To roƙona ɗaya ne. In za ka tafi, ka tafi da almakashin, ka bar mana motar.”

Sai wata mata ta buga jarkarta. Wata ta amsa. Kafin ka ce me, duk bayan fili ya ɗauka, jarkoki babu ruwa suna ƙara kamar ganguna. Dogo ya juyo abinsa yana naɗe waya a gwiwar hannu, bai yi sauri ba, bai yi nawa ba, har gaban minista. Ya goge kan makirufo da hannun rigarsa, ya miƙa da hannu biyu.

“Ranka ya daɗe, yana aiki.”

Ba zan yi wa minista ƙarya ba, ba zan kuma yi masa kirarin da bai kai ba. Fuskarsa ta canza, ya dubi shugaban hukuma, shugaban hukuma ya dubi Ɗan Kwat, Ɗan Kwat ya dubi takalminsa. Minista ya miƙe ya ce a buɗe masa ɗakin inji. Aka shiga neman makulli. Wannan ya ce yana wurin wancan, wancan ya ce mai riƙe da shi ya yi tafiya. Nan fa aka zo fagena. Na tsallake igiya, na ce a ba ni wuri. Dutse ɗaya na ɗauka, bugu ɗaya na yi, kwaɗo ya faɗi. Mijin 'yata ya ce shi ya ga kamar bugu uku. Ba ya kusa, kada ku kula shi.

Aka tura ƙofa. A kan dakalin simintin da aka yi don inji, kaza ce kwance a kan ƙwai. Ta ƙarƙashin ƙofa take shiga. Ta dubi minista, minista ya dube ta. Wani daga baya ya ce, “Ga injin nan, ranka ya daɗe, saura ya ƙyanƙyashe!”

Ba a yanke ƙyalle ba ranar. Minista ya ce ba zai buɗe abin da ba a gama ba, ya shiga mota ya tafi ko jawabi bai yi ba. Mata suka kwashe ruwan tanki tas, har da guɗa.

Kada ku ɗauka an ba Dogo lambar yabo. Washegari aka karɓe makullin ɗakinsa, aka mayar da shi ma'ajiyar kujeru, mutum da furfurarsa yana wanke kujerun roba. Aka ce ana duba maganar sallamarsa. Na je na same shi a can, hannu cikin kumfa. Da fushina na je.

“Ka kyauta ke nan? Ka bar ni da hannu a sama gaban surukaina?”

Ya yi murmushi. “Yaya, da kai na ba, da daga ranar da rijiya ta rufta da kai za ka fara. Kafin ka fito daga ramin minista ya isa gida.”

“Ni na fi kowa sanin ruwa a garin nan!”

“Ka fi kowa sanin inda yake. Ka taɓa ɗauko shi a ka daga kwari?”

Na ce ba zan tsaya gardama ba, don ina da abin yi a gida.

Kafin in tafi na tambaye shi ko ya yi nadama. Ya ce tsoro dai ya ji, har yanzu ma yana ji, in ya tuna 'yan matansa. Amma da ya naɗe wayar nan a ƙarƙashin tebur, da wane ido zai sake tambayar wani me ke damunsa?

Hukuma ta ɗauko wasu samari da kayan zamani, makirufo marar waya, lasifika kamar akwatin aure. Aka kira taro. Samarin suka ce ɗaya-biyu, ɗaya-biyu. Da shugaba ya iso sai ya tarar da kujeru da 'yan rakiyarsa. Aka sake kiran wani, haka. Babu wanda ya haɗa baki da wani, mutane dai sun ga babu gwaji, to me za su zo yi a rana? Ɗan siyasa kuwa zai iya jure zagi, amma ba zai iya jure fili babu kowa ba. Zaɓe na matsowa, sai ga Ɗan Kwat da kansa a ma'ajiyar kujeru, makulli a hannu, yana cewa, “Baba, ai rashin fahimta ne.”

Inji ya iso bayan damina. Ba sabo ba ne, yakan yi tari, wani lokaci ya kwanta sai an kira mai gyara. Amma ruwa na zuwa. Tsohuwata ta mayar da jarkarta wurin shuka barkono. Ita kuma tun daga ranar ba a iya mata a gida, ko me na ce sai ta ce, “Ka yi a hankali, ni da minista muke magana.”

Ina jin masu ilimi a rediyo suna jera matsalolin ƙasa: tsaro, tsadar abinci, rashin aiki, wuta, asibiti, cin amana. Duk gaskiya ne, kuma duk na riga su ji a bayan igiya, daga bakin masu abin. Amma ni a ganina akwai uwarsu. Ku je kowane taro ku duba yadda ake jera kaya. Lasifika mu take kallo, makirufo su yake kallo. Su faɗa, mu ji. Shugaban da na kusa da shi suka cika masa tanki da mota, ko mutumin kirki ne, me zai gani in ba ruwa ba? Ba duka ne mugaye ba. Da yawansu an ja musu igiya ne har sun daina hango mu, kuma babu mai ƙulla waya.

Kai ne ka ƙulla, Dogo. Gajere mai dogon hannu. Kai ne ka tsaya a rana shekara da shekaru don muryar wani ta shiga inuwa. Ba ka taɓa yin jawabi ba, ba ka taɓa cewa ga ra'ayinka ba, ko sunanka ba a taɓa kira a lasifikar da kake ɗauka ba. An gode wa mai girma, an gode wa mai masauki, an gode wa 'yan rawa, kai kana tsugune bayan tebur kana riƙe da ƙullin da ya kwance don kada maganarsu ta yanke. Na yafe maka hannuna da ka bari a sama. Ban manta ba, amma na yafe.

Ga abin da ya sa ni, mai muryar da ake ji daga ƙasan rijiya, na koma neman mai rubutu. Zaman kusa da lasifika ya cinye kunnen Dogo. A 'yan shekarun nan bakin mutum yake kallo, kuma da tafin hannu a jikin lasifika yake gane ko tana aiki. Makon jiya na je ɗakinsa musamman don in gode masa. Na tsaya na zuba masa godiya da duk ƙarfina, har masu shara suka leƙo. Ya dube ni ya yi murmushi ya ce, “Lafiya lau, Yaya, ya gida?”

Mutumin da ya sa aka ji kowa, shi ba ya jin kowa. Amma yana karatu. To ga ta nan a rubuce, Dogo: mun gode. Ni na gode, tsohuwata ta gode, wuyan matan garin nan ya gode. Allah ya sa ka huta cikin rufin asiri, ya raya maka 'yan matanka, ya ba ka ladan kowace murya da ka ɗauko daga baya.

Ku kuma samarin da za ku gaje shi, na ga naku ba shi da waya. Madalla, babu ma abin da zai tsayar da ku ke nan, ƙafa kawai ake bukata. Ku fita daga rumfa. Kai ma da ba ka riƙe da makirufo, in malami ne kai, ko likita, ko mai unguwa, ko mai babbar kujera a can sama, akwai igiya a gabanka, akwai mutane a bayanta. Sunkuya ka je. Ba ta cizo.

Ranar da za a yi masa taron sallama, na riga na gaya wa Ɗan Kwat ni zan yi gwaji, kuma bai isa ya hana ba. Na san inda Dogo zai zauna, can baya kusa da kurarsa, don bai iya zaman gaba ba. Zan ja wayar nan da hannuna har wurinsa, in kara masa a baki. Ba zan faɗi labarin rijiya ba, na yi wa tsohuwata alkawari. Tunda ba zai ji ni ba, na sa an rubuta tambayar tun yanzu don ya shirya, domin duk tsawon shekarun nan babu ɗayanmu da ya tuna ya yi masa ita.

Dogo, kai fa, me ke damunka yau?